Yadda Ake Buga Gem Ɗin Tsoro A Na'urar Hannu

Gadin imara, wato dogon benen haya, nake yi a Jidda, aikin da mutanen nan ke kira haris. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa da zarar an yi isha'i, an fitar da shara, an leƙa tankin ruwa, an ja ƙofar gareji, to sauran daren naka ne amma ba na barci ba. Ƙarfe ɗaya na dare wani daga hawa na huɗu zai iya bugo waya ya ce lifta ta tsaya ko ruwa ya ɗauke. A irin wannan zaman jiran na koyi buga gem ɗin tsoro a na'urar hannu, kuma tun da 'yan'uwa na Makka da Madina suka fara damuna da tambayar ta ina ake farawa, na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Bari in fara warware zare da abawa. Ba kowane wasa mai dodo a ciki nake nufi ba. Nau'in da nake magana a kai shi ne wanda ake jefa ka wuri mai haɗari da ɗan abin da bai isa ba, a ce ka fita da ranka: harsashi ƙidayayye, magani ƙidayayye, aljihu ɗan mitsitsi, ƙofofi a kulle. Kamfanin Capcom na Japan ne ya yayata shi da Resident Evil a 1996 a kan PlayStation, Shinji Mikami yana jan ragamar aikin, sai Konami ya biyo da Silent Hill a 1999. Yaron da ya saba da PUBG a waya yakan shigo yana harbin duk abin da ya motsa, kafin awa guda sai ka same shi a lungu da wuƙa kaɗai a hannu. Wasan tattali ne. Duk wanda ya taɓa raba albashin wata tsakanin cefane, kuɗin iƙama da abin aikawa gida, ya riga ya iya rabinsa.

Na'urar da za ka riƙe

Matakin farko shi ne zaɓen na'ura, kuma wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu ita ce Nintendo Switch. Ta asali ta fito a Maris 2017 da sikirin mai inci 6.2. Ƙaramar, Switch Lite, ta zo a 2019 da inci 5.5, ba a haɗa ta da talabijin, ba ta kuma girgiza a hannu. Ta 2021 ita ce mai sikirin OLED, inci 7. In aljihunka zai ɗauka, mai OLED ɗin za ka saya, kuma dalilina ɗaya ne: duhu. A irin wannan sikirin kowane ɗigo yana kashe kansa in wurin baƙi ne, saboda haka baƙi baƙi ne ƙirin. A sauran akwai fitila a baya da ke kunne koyaushe, sai duhun ya koma toka-toka kamar hazon hunturu. Wasan da rabinsa lungu ne da inuwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Akwai Steam Deck ta kamfanin Valve da ta fito a 2022. Ita kwamfuta ce sosai a cikin tafin hannu, tana ɗaukar sababbin wasanni irin Resident Evil 2 na 2019 da Resident Evil 4 na 2023, amma tana da nauyi, tana kuma shan batir kamar raƙumi ya samu rijiya. Switch 2 ta fito a Yuni 2025, tana buga mafi yawan wasannin tsohuwar. Abin da zan faɗa a nan na Switch ne, don ita ce a hannuna, amma dabarun cikin wasa iri ɗaya ne ko'ina.

Sabuwa ana samunta a shagunan Jarir ko eXtra, ka karɓi fatura, wato rasidi, ka adana saboda garanti. Ta hannu kuwa, manhajar Haraj ko kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke kudancin Jidda. In ta hannu za ka saya, kada ka miƙa ko riyal ɗaya sai ka yi abu huɗu a gaban mai ita. Ka shiga saiti inda ake gwada sandunan tuƙi, ka sake su ka ga ko alamar ta tsaya cak a tsakiya; in tana gangarawa gefe da kanta, ranar da kake son ka laɓe jaruminka zai taka da ƙafarsa ya shiga bakin dodo. Ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka ka buɗe kantin eShop, domin na'urar da aka yi wa kutse kamfani yakan toshe ta, ba za ta ƙara shiga kanti ba. Ka tabbata ya cire asusunsa da lambar sirrin kulawar iyaye. Sannan ka juya bayanta ka kwantar a kan tebur: in ta yi tozo, batir ya kumbura, ka yi masa sallama ka wuce. Ni ta farkon da na saya, ban gwada ramin iyafis ba, sai da na zo ɗaki na tarar kunne ɗaya kawai yake yi. Mai ita kuwa lambarsa a kashe har yau.

Samo wasan

Kaset ɗin Switch ba shi da iyakar ƙasa, na Turai ko na Amurka duk zai yi a na'urar da ka saya a nan. Amma da yawa daga cikin wasannin tsoro saukewa ake yi daga kanti. Abin da mutane suka saba a nan shi ne buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila, sannan a sayi katin kuɗi a loda. Ka kula, katin dole ya zama na ƙasar da ka sa a asusun. Katin dala ba ya shiga asusun fam. Lissafin dala ba wuya, riyal 3.75 ce, an daɗe da ɗaure ta a haka. Kada ka yi gaggawar saya da cikakken farashi. Ka sa wasan a jerin abin da kake so ka jira ragi, musamman ƙarshen Oktoba lokacin da Turawa ke bikinsu na shigar dodanni. Wani abin dariya: a 2022 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi sama da kashi 5 cikin ɗari a Capcom, ya sayi kimanin haka a Nintendo. Abokin aikina na imarar da ke kallonmu ya ce ashe duk inda muka juya kuɗinmu gida yake komawa, sai dai ba gidanmu ba.

Wurin ajiya zai ba ka matsala da wuri. Tsohuwar Switch da Lite giga 32 gare su, mai OLED 64, na'urar kuma ta cinye wani abu daga ciki. Resident Evil guda ɗaya ya haura giga 10. Saboda haka ka haɗa da katin memori, 128 ya ishe ka farawa, ka saye shi a shago mai fatura don na bogi sun yi yawa a kasuwa. Switch 2 kuwa ba ta karɓar memori na gama-gari wajen ajiye wasa, sai wanda aka rubuta Express a jikinsa. Tarko na ƙarshe: duk wasan da ka ga kalmar Cloud a sunansa, ba a cikin na'urarka yake gudana ba, daga wata kwamfuta mai nisa ake turo maka hotonsa ta intanet. Intanet na yin tangarɗa ka daskare a gaban dodo. Ga mai ɗakin ƙasa irin nawa inda sabis ke shigowa da ƙyar, asarar kuɗi ce.

Da wanne za ka fara? Ni dai Resident Evil na farko da aka sake ginawa a 2002 don GameCube, tsohuwar na'urar Nintendo ta talabijin, aka wanke hotonsa a 2015, ya iso Switch a Mayu 2019. Shi ne makarantar allo ta wannan fanni, da shi zan yi misali. Mai raunin zuciya ya fara da Resident Evil Revelations, wanda tun asali a 2012 don na'urar hannu ta 3DS aka yi shi, an yanka shi gajeru-gajeru kamar shirin dare. Signalis na 2022 yana da kyau a ƙaramin sikirin. Alien: Isolation ka bar shi sai ƙashinka ya yi ƙwari.

Saiti kafin ka taka ƙofar gidan

Mutane suna tsallake wannan mataki, alhali minti goma ne da ke gyara awa goma sha. Ka danne maɓallin HOME na ɗan lokaci, ƙaramin saiti zai fito a gefe. A nan ka kashe hasken da ke daidaita kansa, in ba haka ba duk lokacin da inuwar hannunka ta gifta sikirin zai riƙa sauyawa. Ka sa hasken a wajen rabi in a ɗaki kake. A nan kuma za ka kunna yanayin jirgin sama, don wasan ba ya bukatar intanet bayan an sauke shi, batir kuma zai ƙara jimawa. Cikin wasan akwai nasa saitin haske. Jarabar da ke kama kowa ita ce a ƙure shi don a ga komai. Kada ka yi. Ka ɗaga shi daidai yadda za ka gane bakin ƙofa da ƙyallin abin da ke ƙasa, ka tsaya nan.

Sai kunne, wanda a wurina ya fi ido. A wannan wasa kyamara a kafe take a kusurwar ɗaki, ba ta bin bayanka, don haka sau da yawa kana jin abu kafin ka gan shi: jan ƙafa, gurnani, ƙarar farce a kan katako. Lasifikar na'urar ba za ta gaya maka ta dama yake ko ta hagu ba. Ka nemi iyafis mai waya. Tun sabuntawar Satumba 2021 Switch tana karɓar na Bluetooth, amma sautinsa yana ɗan makara, kuma makarar ƙiftawar ido ta isa a cafke ka. Ni saboda aiki kunne ɗaya nake sawa sosai, ɗayan in ɗan zare shi, don in ji ƙararrawar ƙofa da kiran sallar asuba daga masallacin bayan layi. Wanda ba gadi yake ba ya sa biyun, amma ya rage ƙara.

Wasan zai ba ka zaɓin tuƙi iri biyu. Na asali shi ne wanda in ka tura sanda sama jarumi zai tafi inda fuskarsa ke kallo, dama da hagu kuma juya shi suke yi a tsaye kamar mai tuƙa baro. Sabon kuwa inda ka tura nan zai bi. Sabon ya fi sauƙin koyo, ya kuma fi sauƙin kauce wa hannu, amma idan kyamara ta sauya kana cikin gudu sai ka rikice ka koma inda ka fito. Na asalin yana cin kwana biyu kafin hannu ya saba, daga nan ba ruwanka da sauyin kyamara. Ka gwada kowanne a babban zauren farko inda babu abin da zai taɓa ka. Ka kuma koyi juyawar gaggawa, wato ja da baya haɗe da maɓallin gudu, har sai yatsa ya riƙa yi ba tare da tunani ba.

Abu biyu ƙanana. A saitin na'ura akwai zuƙowa. In ka kunna, danna HOME sau biyu yana ƙara girman rubutu, mai Lite zai gode min. Sannan wannan tsohon wasa ba shi da Larabci, sai Turanci da wasu harsunan Turai da Japananci. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, su ajiye waya kusa su riƙa haska takardun da kyamarar fassara, domin amsar wasu kulle-kullen tana cikin takardun.

Cikin gidan

Da farko za a tambaye ka yadda kake son wasa: kamar hawan dutse, kamar doguwar tafiyar daji, ko kamar ɗan tattaki. Wannan ita ce tambayar wahala a ɓoye, hawan dutse ya fi tsanani. Ka ɗauki na tsakiya, babu kunya a ciki. Sai a ce ka zaɓi Chris ko Jill. Ɗauki Jill. Aljihunta gurbi 8 ne, nasa 6, tana da abin buɗe ƙananan makullai, abokin aikinta Barry kuma yana kawo mata ɗauki a wurare da dama. Chris ya fi jure duka, amma gurbi 6 ga sabon shiga azaba ce.

Labarin a Yuli 1998 yake, 'yan sanda na musamman sun gudo daga karnuka sun faɗa wani katafaren gida a dajin bayan garin Raccoon. Kada ka buɗe babbar ƙofar da kuka shigo ta ita, kare ne a bayanta. Zombin farko, wato gawa mai tafiya, da za ka haɗu da shi a lungun bayan ɗakin cin abinci, kada ka ɓata masa harsashi ko ɗaya. Juya ka koma wurin Barry, shi zai gama da shi.

Daga nan aikinka na awa ta farko ba faɗa ba ne, sanin gida ne. Ka riƙa buɗe taswira kamar yadda direba ke duban madubi. Ɗakin da ka kwashe komai a cikinsa yana komawa kore, wanda akwai sauran abu yana tsayawa ja. Ka taɓa kowace ƙofa ko da ka san a kulle take, domin wasan zai gaya maka alamar da ke jikin makullin: takobi, sulke, garkuwa ko kwalkwali. Nan ne na'urar hannu ta yi rana. Akwai maɓallin ɗaukar hoto a ɓangaren hagu. Duk ƙofa mai alama, duk takarda mai lamba, duk zanen bango da ya yi kama da wasa ƙwaƙwalwa, ka danna. Bayan kwana uku da ka dawo ka manta inda ƙofar kwalkwali take, hotunan suna nan.

Duk abin da ka tsinta, ka buɗe shi a aljihu ka jujjuya shi ta kowace fuska. Kibiyar zinare da za ka samu a sama, kanta ake cirewa a kai maƙabartar bayan gida. Littafin da za ka ɗauko a can, mukullin takobi a bayansa yake manne. Na yi dare biyu ina zagaye da wannan littafi a aljihu ina neman mukulli, ashe abin nema na hannuna.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato wa za ka kashe. Bindigar hannu harsashi 15 take ci, zombi ɗaya kuma yana iya lashe rabinsu. In ka ce sai ka share gidan tas, ba za ka kai rabi ba. Ƙa'idata ita ce: wanda yake faffaɗan wuri, ko ɗakin da sau ɗaya zan shiga, in zagaye shi. Wanda ya tare matsattsen lungun da zan riƙa bi kullum zuwa ɗakin ajiya, inda akwatin kaya da tafiretar adana wasa suke, shi ne na kashewa. Zagayewar ma da dabara. Ka matso har ya miƙo hannu, ka ɗan ja baya ya cafki iska, sai ka bi ta gefensa da gudu. In ya kama ka, ƙananan wuƙaƙen kare kai da kake tsinta su ne fansarka, kuma ba sa cin gurbin aljihu.

In ka harbe shi ya faɗi, kada ka matsa. Wani kwanciyar ƙarya yake, yana jiran ƙafarka. Sai ka ga jini ya malala a ƙarƙashinsa, sannan ya mutu. Kuma ko ya mutu ba a gama ba. Gawar tana nan kwance, bayan wani lokaci sai ta tashi ta zama wanda muke kira jan-kai: jajir, da farata, yana gudu kamar ya ci bashi. Hanyar hana shi biyu ce, ko kan ya fashe tun farko, ko ka ƙone gawar. Fasa kai ya fi yiwuwa da babbar bindiga mai harsashi 6, ka bari ya matso daf ka ɗaga bakinta sama. Ƙonawa kuwa sai da gorar kananzir da laita. Gorar ƙona biyu take yi kafin a sake cika ta, kananzir ɗin gidan ma ƙidayayye ne, kuma a hannun Jill gora da laita gurbi biyu ne cikin 8. Ka ga ke nan kowace gawa bashi ce ka ɗauka. Shi ya sa wanda bai kashe ba ya fi wanda ya kashe kwanciyar hankali.

Magani ganye ne. Kore yana ƙara lafiya kaɗan. Ja shi kaɗai ba ya komai, amma in ka haɗa shi da kore ya zama cikakken magani a gurbi ɗaya. Shuɗi na dafi ne, sai dai dafin babban macijin da ke saman gidan ba ya jin shuɗi, yana da nasa maganin a kwalba. Ba sai ka buɗe aljihu za ka san halin da kake ciki ba: in Jill ta dafe ciki ta ji jiki, in ta fara ɗingishi mutuwa na kusa. Kada ka sha haɗin ja da kore don ɗan cizo ɗaya.

Akwatunan ajiya a haɗe suke, abin da ka zuba a na gabas za ka same shi a na yamma. Kafin ka fita ka tambayi kanka ina za ni, me zan ɗauko. Bindiga ɗaya, harsashinta, magani ɗaya, mukullin da ake bukata, sauran gurabe a buɗe. Wanda ya fita da aljihu cike zai tarar da abin da yake nema ya rasa inda zai sa shi.

Ajiye wasa da barcin na'ura

A wannan wasa, ajiya, wato adana inda ka kai, a jikin tafireta ake yin ta, kuma kowace ajiya tana cin zaren tawada ɗaya. Zaren yawanci uku-uku ake samunsa. Ni ina ajiyewa ne in na samo sabon mukulli, in na warware wani babban kulli, ko in zan buɗe ƙofar da jikina bai ba ni ba. Ka riƙa amfani da layin ajiya biyu ko uku kana juyawa. Wata rana za ka ajiye kana ɗingishi babu harsashi, in layi ɗaya gare ka ka ɗaure kanka da kanka.

Alherin na'urar hannu ga mutum irina shi ne maɓallin wuta na sama. Danna sau ɗaya, ta yi barci, wasan ya tsaya cak inda yake. An kira salla, ka danna ka tafi. Mai gida ya kira, ka danna. Ka dawo ka tarar da Jill a tsaye da ƙafa ɗaya a sama. Wannan yana rage maka cin tawada sosai, don ba sai ka ajiye duk lokacin da za ka tashi ba. Amma barci ba ajiya ba ne, kuma da hannuna na koyi haka. Wani dare na yi kusan awa biyu ina tafiya lafiya lau, na samo abin rufe fuska biyu cikin huɗun da wasan ke sa ka nema, ina ta rowar tawada. Asuba ta yi na danna barci, na jefa ta a aljihun mota na manta, batir saura ƙiris. Da la'asar na ɗauko ta da zafi kamar burodin tamis daga tanda, a mace. Na koma inda na baro jiya da magariba. In wasan ya rufe, ko batir ya ƙare, ko wani ya buɗe wani wasan daban, duk abin da ba a buga a tafireta ba ya tafi.

Kamfanin ya ce mai OLED tana yin awa 4.5 zuwa 9, Lite 3 zuwa 7, ta farkon 2017 kuwa 2.5 zuwa 6.5, gwargwadon nauyin wasa da hasken sikirin. Ka lissafa da ƙaramin adadin. Da batir ya sauko kashi 20, nufi tafireta. Fawa bank mai USB-C da ke caji mai sauri yana taimako, na arha ba ya iya riƙe ta tana aiki. Zafin da aka ƙayyade mata digiri 5 zuwa 35 ne, mu kuwa a Hijaz bazara tana haura 40, cikin mota a rufe kuma ba a magana. Kada ka toshe ramin iskarta na sama da bargo ko matashi, ka riƙa goge ƙura da busasshen burushi. Ajiyar wasanka a cikin na'urar take zaune, ba a memori ba, don haka cire memori ba zai cece ta ba in na'urar ta lalace.

In tafiya ta kama ka, jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana kai mutum Madina daga Jidda cikin kusan awa biyu, daidai zama ɗaya. Sai dai da rana hasken sahara ta taga yana wanke sikirin, ba ka ganin komai sai fuskarka. A irin wannan lokaci ka yi aikin gida: shirya akwati, haɗa ganye, kai kaya daga gabas zuwa yamma ta hanyoyin da ka riga ka share. Sababbin ƙofofi ka bar wa dare.

Yara da tsoron kansa

Waɗannan wasanni na manya ne, lambar 18 ce a jikin mafi yawansu, akwai jini da gawa. Ɗan yayata mai shekara tara ya zo min hutu daga Makka, na fita duba mita na dawo na same shi da na'urar a hannu, ido waje.

"Kawu, mutumin nan da ka kashe ya tashi."

"Wa ya ce ka taɓa? Kawo nan."

Daren nan a gadona ya kwana, da fitila a kunne, washegari kuma na sha faɗa wurin Yaya ta waya. Tun ranar na sauke manhajar kulawar iyaye ta Nintendo a wayata na sa lambar sirri, minti biyar ne aikin.

Kai ma babba, tsoron zai kama ka, don shi ka saya. In ka ji kafaɗunka sun haɗe, hannu ya jiƙe, ka buɗe taswira ko aljihu, wasan yana tsayawa, ka ja numfashi. Ɗakunan ajiya suna da wani kiɗa mai sanyi, babu abin da ke shigowa cikinsu, ka zauna nan ka sha shayinka. In wuri ya kashe ka sau uku a jere, kashe na'urar. Gajiya ce, gobe sau ɗaya za ka wuce. Kusantar sikirin da fuska a cikin duhu ƙirin yana sa ciwon kai, ka bar ƙaramar fitila a bayanka. Kuma in aikinka irin nawa ne, ka bar minti biyar tsakanin wasa da fita zagaye. Makon jiya ina cikin lungun nan mai tagogi a ɓangaren gabas, wanda gilashinsa ya tsage tun wucewata ta farko, waya ta yi ƙara: hawa na huɗu, ruwa ya ɗauke. Na danna barci, na ɗauki tocila, lifta tana can sama na bi matakala. A hawa na uku fitilar koridon ta mutu, wata mage kuma ta zaɓi daidai lokacin ta diro daga kan kwandon shara. Mutumin hawa na huɗu ya ce tun daga ɗakinsa ya ji salatina.